Kwalbar Inna Tasalla

Hutun yara ya zo, na fasa asusuna,
Na ce Balaraba ta haɗa mana kayana,
Sabi'u ƙanena ya gaji da kirana
Daga Agege: "Yaya, wai yaushe ne zuwa?"

Inna Tasalla ta ce ba a barin ta,
Ta ɗauko carbi da 'yar butarta,
Shekara saba'in da ɗoriya a duniyarta,
Ba ta ga abin da ya fi kogin Jama'are ruwa.

Ikko! Danfo rawaya, kwandasta a rataye,
Rabin jiki a waje, maƙogwaro a buɗe,
"Oshodi! Obalende!" mu kuwa a matse,
Nafi'u na ƙirga gadoji har ya ruɗe,
Gumi na bin baya kamar miyar kuɓewa.

A Balogun babu wurin tsayawa tunani,
Mai dako ya ture ka, ya wuce ba bayani,
Balaraba ta ƙyalla ido ta hango zani,
Leshi ruwan zuma, ta juyo ta kalle ni,
Na shafa aljihu, na kau da idanuwa.

"Dubu sittin," in ji Iya Morenike.
Inna ta matso, mayafi a kafaɗa a saɓe,
Ba Yarbanci, ba Turanci, sai yatsu a miƙe,
Ta yi gaba, aka kira ta, ta dawo a dake,
Sau uku ana haka, mu muna gefe a rakuɓe,
A talatin da biyar suka rabu suna tafawa.

Azahar ta gota, yunwa ta kai mu bukka,
Sabi'u ya ce, "Yau ba tuwo, ba miyar kuka."
Aka kawo amala mai tururi, baƙa,
Ummita ta leƙa kwano: "Baba, ya haka?
Gizo-gizo a miya!" Ashe ƙaguwa.

Barkono ya kama Nafi'u, hanci na zuba,
Ruwa leda uku ya sha, bai ajiye loma ba,
Inna ta lashi ewedu: "Lalo ne, ba wani abu ba,
Suna kawai suka sake masa don burgewa."

Ran Lahadi muka nufi bakin teku a Lekki,
Kuɗin shiga, kuɗin rumfa, kuɗin hoto a kan doki,
Ɗanyar kwakwa a sare, kowa ya kafa baki,
Gasasshen kifi da ayaba, yaji har cikin ciki,
Ni ina lissafi a zuci kamar ina wurin aiki,
Albashin wata guda yana zagwanyewa.

Inna ba ta ci ba. Ta tuɓe takalma,
Ta taka yashi har inda kumfa ke kama
Bakin zaninta. Ta dubi ruwa, ta dubi sama,
Ta ce, "Ina ɗaya gaɓar?" Ba mai amsawa.

Ta ɗiba da tafi, ta kai bakinta,
Ta tofar, ta yi dariya har da hawayenta:
"Wace ce ta yi ɓarnar gishiri haka a miyarta?"
Ta wanke kwalbar lemo, ta cika abarta.
"Malam ya rasu bai gani ba. Zan kai wa maƙwabta,
Kada su ce tsohuwa ta fara ruɗewa."

Agogon da na saya wa Nafi'u, kafin Lokoja ya mutu,
Leshi na ƙasan akwati, sai biki ya samu,
Bashin Sabi'u na nan, ina biya da sannu,
Ummita har yau ba ta yarda da ƙaguwa.

Kwalbar tana kan taga a Azare, yashi ya kwanta ƙasa,
Duk mai zuwa barka da hanya sai an ɗiga masa,
Ya yamutsa fuska, Inna ta ce masa,
"Ka ji ko? Wannan ma daga baki-baki na ɗebo shi fa."
Jiya ta ɗaga ta a haske, saura rabi a ƙasa,
Ta ce baɗi sai mu koma ɗebowa.

Na shafa aljihu, na kau da idanuwa.